Outlook a ofis, Thunderbird a laftof, adireshi ɗaya: ina wasiƙunmu suke tafiya?

Sakataren_Ofis:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke sayar da iri da takin zamani a Zariya, kuma da adireshin imel guda ɗaya muke karɓar odar kaya, da shi kuma muke aika takardun kuɗi. Adireshin da sunan kamfaninmu yake, wani kamfani mai ba da hayar saba, wato kwamfutar da ke ajiye wasiƙu a intanet, shi ne yake riƙe mana shi. A kwamfutar ofis akwai manhajar imel ta Outlook, ni nake aiki da ita, shi kuwa Alhaji, mai kamfanin, Thunderbird ce a laftof ɗinsa domin yana yawan tafiya.

Abin da ke damunmu shi ne duk wasiƙar da ta ɗan daɗe sai ta ɓace daga laftof ɗin Alhaji, alhali kuwa tana nan daram a kwamfutar ofis. Da na shiga ta burauza domin in tabbatar, sai na tarar babu wasiƙar da ta wuce mako biyu da shigowa. Bayan haka, idan na amsa wa abokin ciniki, Alhaji ba ya ganin amsar a cikin abin da aka aika, har ta kai ga mun taɓa ba mutum ɗaya farashi iri biyu. Abin da ya fi tayar masa da hankali kuma shi ne yakan tarar da sabuwar wasiƙa da alamar an karanta ta, bayan ni ban buɗe ba, shi ma bai buɗe ba. Yanzu yana zargin wani ne ya samu kalmar sirrinmu yake yi mana ɓarna. Ina roƙon waɗanda suka san wannan fanni su taimaka mana da shawara.

Bagobiri77:
Wa alaikumus salam. Tun da akwai zargin wani ya shiga, abu na farko shi ne ku sauya kalmar sirri yau ɗin nan, sauran bincike ya biyo baya. Ba a wasa da adireshin da takardun kuɗi ke bi ta cikinsa.

Injiniya_Tudunwada:
Sauya kalmar sirri ba laifi ba ne, amma ban ga alamar ɓarawo a cikin wannan bayani ba. Mai kutse ba ya zama yana ƙirga kwanaki domin ya goge abin da ya cika mako biyu kawai, wannan aikin saiti ne. Malam Sakatare, ka buɗe saitin asusun a cikin kowace manhaja, ka faɗa mana abu biyu: nau'in asusun da aka rubuta, ko POP ne ko IMAP, da kuma lambar mashigar da saƙo ke shigowa ta cikinta. Kada ka goge komai, kada ka cire asusun daga ko'ina, kafin mu ga amsar.

Sakataren_Ofis:
Na duba, Injiniya. A Outlook an rubuta POP, lambar kuma 995 ce. A Thunderbird an rubuta IMAP da lamba 993. Wajen aikawa dukansu 465 ne. Na kuma ga wani wuri a Outlook da aka yi wa alama, yana cewa a bar kwafin saƙo a saba, a ƙarƙashinsa kuma akwai wata alama mai cewa a cire shi bayan kwana 14.

Injiniya_Tudunwada:
To, ga tushen matsalar nan ka samo da kanka. Manhajojin biyu ba hanya ɗaya suke bi wajen karɓar wasiƙa ba. POP tsohon tsari ne, ƙa'idarsa da ake aiki da ita har yanzu tun 1996 aka rubuta ta, a lokacin da mutum yake da kwamfuta ɗaya, yana kiran intanet ta layin tarho na 'yan mintoci ya sauke saƙonninsa ya kashe. Kamar masinja yake, wanda zai je gidan waya ya kwaso wasiƙu daga akwati ya kai ofis. Duk wanda ya zo bayansa abin da ya rage kawai zai gani. Outlook ɗinka tana sauke wasiƙa zuwa cikin kwamfutar ofis, ta bar kwafi a saba na kwana 14, sannan ta umarci saba ta goge shi. IMAP kuwa, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986, ba ya kwashe komai. Wasiƙa tana zaune a saba, manhaja tana nuna abin da ke can ne kawai. Saboda haka ranar da Outlook ta goge wasiƙa daga saba, ranar ce za ta ɓace daga laftof ɗin Alhaji da kuma burauza.

Batun amsoshin da Alhaji ba ya gani shi ma daga nan yake. POP bai san wata folda ba in ban da akwatin shigowar saƙo. Abin da ka aika yana ajiye ne a cikin kwamfutar ofis kaɗai, bai taɓa hawa saba ba, don haka babu yadda za a yi wata na'ura ta gan shi. Alamar karantawa kuma, akwai sabobin da ke yi wa wasiƙa alamar an karanta da zarar an sauke ta ta hanyar POP, ko da kuwa babu ɗan Adam da ya buɗe ta. Ka kwantar wa Alhaji da hankali, wasiƙunsa suna nan a kwamfutar ofis. Sai dai ka sani cewa a halin yanzu wannan kwamfutar ce kaɗai take riƙe da tarihin cinikinku.

Mai_Gyaran_Waya:
Gyaran mai sauƙi ne. A cire asusun daga Outlook, a sake saka shi a matsayin IMAP, shi ke nan komai zai daidaita. Kullum muna yi wa mutane haka a shago.

Maman_Sadiq:
Ƙanina mai gyaran waya, ina roƙonka da ka riƙa haɗa wannan shawara da gargaɗi. A waya wataƙila babu abin da za a rasa, amma a nan Injiniya ya riga ya ce kwafi ɗaya tal ya rage na tsofaffin wasiƙun. Ni akanta ce, kuma na ga ofishin da aka kira mai gyara ya sake saitin imel, ya share tsohon fayil yana ganin ba shi da amfani, sai da lokacin binciken kuɗi na ƙarshen shekara ya zo aka nemi takardun da aka aika wa abokan ciniki aka rasa. Malam Sakatare, kafin ka taɓa komai, ka rufe Outlook, ka shiga foldar takardu ta kwamfutar, ka nemi foldar da ake kira "Outlook Files". A ciki za ka ga fayil mai ƙarewa da .pst, shi ne rumbun wasiƙunku gaba ɗaya. Ka kwafe shi zuwa filashi ko wani faifai na waje, kuma ka tabbatar girman kwafin ya yi daidai da na asali.

Injiniya_Tudunwada:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma tsarin da za a bi yana da muhimmanci. Bayan kwafin da ta ambata, ka fara cire alamar nan ta kwana 14, domin gogewar ta tsaya tun yau. Daga nan ka saka asusun a matsayin IMAP ta hanyar saiti na hannu, domin idan ka bar manhaja ta zaɓa da kanta ba lallai ne ta zaɓi abin da kake so ba. Idan Outlook ta ƙi karɓar adireshi ɗaya sau biyu, sai ka buɗe sabon furofayil, wato sabon rukunin saiti na Outlook, ka saka IMAP a cikinsa, sannan ka buɗe tsohon fayil na .pst a gefe a matsayin fayil na bayanai. Ka tabbatar tsohon asusun na POP ya daina karɓar saƙo gaba ɗaya. Sai ka fara jan tsofaffin wasiƙu daga tsohon fayil zuwa foldojin IMAP, wata ɗaya ko biyu a lokaci guda, kana jira su gama hawa kafin ka ƙara. Amma ka tambayi masu sabar yawan wurin da aka ba akwatinku tukuna, domin idan ya cika, sabbin wasiƙu za su riƙa komawa ga masu aikowa.

DanMaradi:
Ina gaida kowa. Ni ban yarda a mayar da POP kamar wani abin da ya mutu ba. A nan wurinmu intanet yakan yanke, data kuma da tsada, kuma mutum yana bukatar ya buɗe tsohuwar takarda ko babu sabis. Da POP wasiƙata tana cikin na'urata, ba na jiran kowa. Manhajoji biyu na iya aiki da POP a asusu ɗaya lafiya lau, muddin an saita dukansu su bar kwafi a saba, a kuma ba guda ɗaya kaɗai ikon gogewa bayan wata ɗaya ko biyu. Kowace manhaja tana riƙe da jerin lambobin wasiƙun da ta riga ta sauke, saboda haka ba ta sauke abu sau biyu.

Ummu_Khalil:
Malam na Maraɗi, batun aiki ba tare da intanet ba bai hana amfani da IMAP ba. Outlook tana ajiye kwafin wasiƙun IMAP a cikin kwamfuta, tun daga sigar 2013 a fayil mai ƙarewa da .ost, kuma akwai wurin zaɓar ko na wata nawa za ta ajiye. Thunderbird ma tana da sashen daidaitawa da ajiya, inda za ka ce ta sauke na kwanaki kaza kawai, ko kada ta sauke saƙon da ya wuce wani girma har sai ka buɗe shi. Wannan ma ya fi rage cin data. Sannan tsarin da ka kawo bai warware matsalar da ta fi cutar da kamfanin Malam Sakatare ba, wato mutum biyu suna amsa wa abokin ciniki ɗaya ba tare da sun ga amsar juna ba. Game da jerin lambobin kuma, idan fayil ɗin da ke riƙe da su ya lalace, ko masu saba suka ƙaura zuwa wata sabuwa lambobin suka sauya, manhaja za ta sake sauke duk abin da ke akwatin daga farko.

DanMaradi:
Na karɓi maganar amsoshin da aka aika, Malama, wannan gaskiya ce. Amma akwai abin da masu yabon IMAP ba sa faɗa wa mutane. Idan Alhaji ya goge folda bisa kuskure a laftof ɗinsa, nan take za ta ɓace a ofis, ta ɓace a waya, ta ɓace ko'ina, domin dukansu abu ɗaya suke kallo. Haka nan idan kuɗin hayar saba ya ƙare ba a sabunta ba aka rufe asusun. Kwafin .ost da kika ambata yana bin abin da ke saba ne, ba ajiya ba ce mai zaman kanta. A yanzu da muke magana, POP ne ya sa tsofaffin wasiƙun kamfanin nan suke da kwafi a hannun masu su.

Maman_Sadiq:
POP ɗin ne kuma ya goge su daga saba tun farko, Malam. Amma na yarda da kai cewa daidaitawa daban, ajiya daban. Mu abin da muke yi shi ne duk ƙarshen wata a fitar da kwafin akwatin gaba ɗaya zuwa fayil, a ajiye shi a faifan da ba ya zama a jikin kwamfuta.

Malamin_Lissafi:
Ku gafarce ni in shigo da tawa, domin ta yi kama da wannan. Ni Gmail nake amfani da shi, da Thunderbird a gida da Outlook a makaranta, dukansu IMAP. Wasiƙa ba ta ɓacewa, amma wani lokaci abin da na aika yakan fito sau biyu a foldar aikawa. Shin wanda na aika wa sau biyu yake karɓa?

Ummu_Khalil:
A'a, Malam, sau ɗaya yake karɓa. Gmail yana ajiye kwafin duk abin da aka aika ta sabarsa da kansa, ba sai manhaja ta roƙe shi ba. Idan ita ma manhajar tana ɗora nata kwafin, sai ka ga biyu. A Thunderbird ka shiga sashen "Copies & Folders" ka cire alamar ajiye kwafin abin da aka aika, a Outlook ma akwai zaɓin kada a ajiye kwafi. Amma Malam Sakatare kada ya kwaikwayi wannan, domin galibin sabobin haya ba sa ajiyewa da kansu. Idan ya cire alamar, abin da ya aika ba zai zauna ko'ina ba.

Tun da an ambaci Gmail, akwai abin da ya shafi maganar Malam na Maraɗi. A Gmail, idan manhaja ɗaya ta sauke wasiƙa ta POP, ta biyun ba ta samun ta, ko da an ce a bar kwafi. Maganin da Google ya tanada shi ne a rubuta recent: a gaban adireshin a wurin sunan mai amfani, sai kowace manhaja ta riƙa samun wasiƙun kwana 30 na baya. Kuma a lura cewa foldoji a Gmail laƙabi ne ake liƙa wa wasiƙa, don haka wasiƙa ɗaya tana iya bayyana a wurare uku a cikin manhaja alhali guda ɗaya ce a saba. Wanda ya jefa ta kwandon shara yana zaton kwafi yake ragewa, ita kanta ya jefar, kuma bayan kwana 30 za ta tafi gaba ɗaya.

Bagobiri77:
Na ji bayanin Injiniya kuma na gamsu cewa ba kutse ba ne. Duk da haka ina nan kan bakana game da kalmar sirri. Adireshin da aka daɗe ana saka shi a na'urori daban-daban, watakila har da wayar wani tsohon ma'aikaci, ya cancanci sabuwar kalma. Manyan kamfanoni ma sun daina yarda manhaja ta shiga da kalmar sirri zalla. Google ya rufe wannan hanya ga asusun mutane na yau da kullum a ƙarshen watan Mayu na 2022, Microsoft kuma ya yi haka ga Outlook.com a watan Satumba na 2024. Yanzu ko dai manhaja ta buɗe maka shafin shiga na kamfanin ka amince mata, ko kuma a Gmail ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16 domin tsohuwar manhaja. Mutane da yawa da ke kukan manhaja ɗaya tana aiki ɗayar tana ta neman kalmar sirri, wannan ce matsalarsu.

Mai_Gyaran_Waya:
Na gode da gyaran, Hajiya, zan kiyaye. Ina da abin ƙarawa kan sauya kalmar sirri, domin yana yawan zuwa mana shago. Idan an sauya ta, a sauya a kowace na'ura a lokaci guda, kuma a wuri biyu, wajen karɓa da wajen aikawa. Idan aka manta da waya guda tana ta gwada tsohuwar kalma duk bayan 'yan mintoci, sabar tana ɗaukar abin a matsayin yunƙurin kutse, sai ta toshe layin intanet na ofishin baki ɗaya. Daga nan sai a ga imel yana aiki da datar waya amma ba ya aiki da intanet na ofis, mutane su yi ta zargin manhaja. Idan haka ta faru, sai an gyara na'urar da ke da tsohuwar kalma sannan a nemi masu saba su buɗe layin.

Sakataren_Ofis:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi kwafin fayil ɗin kamar yadda Hajiya ta ce, na bi matakan Injiniya, kuma yanzu abin da ke akwatin shigowa iri ɗaya ne a wurina da wurin Alhaji. Tsofaffin wasiƙu suna hawa sannu a hankali. Sai dai sababbin abubuwa biyu sun ɓullo. Na farko, yanzu akwai foldar aikawa guda biyu, ɗaya "Sent" ɗaya "Sent Items", kuma abin da na aika yana shiga ɗaya, na Alhaji yana shiga ɗayar. Kwandon shara ma biyu ne. Na biyu, idan Alhaji yana ofis da laftof da wayarsa, Thunderbird takan fito da saƙo cewa an wuce adadin haɗin da saba ta yarda da shi.

Injiniya_Tudunwada:
Dukansu sanannu ne. Kowace manhaja da sunan da ta saba ba foldojinta. Outlook tana cewa "Sent Items" da "Deleted Items", Thunderbird tana cewa "Sent" da "Trash", manhajar Apple kuma "Sent Messages". A 2011 an fitar da ƙa'idar da ke ba saba damar sanar da manhaja wace folda ce ta aikawa, wace ce ta shara, wace ce ta daftari, amma ba kowace saba aka saita ta yi hakan daidai ba, sai manhaja ta ƙirƙiri tata. Shawarata ita ce a sa Thunderbird ta bi Outlook, domin ita ce mai sauƙin lanƙwasawa. Sababbin sigogin Outlook ba sa ba mutum damar zaɓar foldar aikawa ta IMAP da hannu, Thunderbird kuwa tana bayarwa a sashen da Malama Ummu Khalil ta ambata, kwandon shara kuma a sashen saitin saba. Ka zaɓi foldojin da Outlook take amfani da su, ka kwashe abin da ke cikin ɗayar ka zuba a ciki, sannan ka goge wadda ta zama fanko.

Amma ka fara duba wani abu. Idan ka ga an rubuta "This computer only" a gefen sunan wata folda a Outlook, to wannan foldar ba ta hawa saba, a kwamfutar kaɗai take. A sabobin haya da yawa ana gyara wannan ta hanyar rubuta INBOX a wurin tushen foldoji cikin saitin asusun. Ka kwashe abin da ke cikin irin wannan folda zuwa wani wuri kafin ka sauya saitin.

Batun adadin haɗi kuwa, manhajar IMAP ba layi ɗaya take buɗewa zuwa saba ba, takan riƙe da yawa domin ta sa ido kan foldoji. Thunderbird tana riƙe har guda 5 idan ba a sauya ba. Dovecot, manhajar da sabobin haya da yawa ke amfani da ita, tana zuwa da iyakar haɗi 10 ga mai asusu ɗaya daga layin intanet ɗaya, sai dai in masu sabar sun ƙara. Gmail kuma 15 yake yarda da su a lokaci guda. Ka haɗa Outlook da ke ɗora tsofaffin wasiƙu, da laftof, da waya, duk a layin ofis, ka ga an cika. Ka rage na Thunderbird zuwa 2 a saitin saba na ci gaba, kuma ina sa ran abin zai lafa idan ɗorawar ta ƙare.

Zango_Kumasi:
Ina bin wannan tattaunawa daga Kumasi, kuma ina ganin ana ta gyaran reshe ne. Asalin matsalar ita ce mutum biyu suna aiki da asusu ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Tun da kamfanin yana da sunansa na intanet, buɗe adireshi na biyu da na uku ba wani abu ba ne. Alhaji ya samu nasa, sakatare ya samu nasa, adireshin kamfani kuma ya riƙa tura kwafi ga kowa. Ta haka ana sanin wanda ya aika me, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki, nasa kawai za a rufe.

Maman_Sadiq:
Ta fuskar tsaro maganarka daidai ce, Malam, amma ka koma ka karanta ƙorafin farko. Idan kowa yana amsawa daga nasa adireshin, an koma gidan jiya, domin Alhaji ba zai ga abin da sakatare ya aika ba sai an tuna an saka shi a kwafi. Abokan ciniki kuma adireshin da ke kan rasit suka sani. A ƙaramin ofis na mutum biyu, akwati ɗaya da kowa ke ganin shiga da fita ya fi amfani. Abin da ake bukata shi ne yarjejeniya, misali duk wasiƙar da aka gama da ita a mayar da ita wata folda, abin da ya rage a akwatin shigowa shi ne wanda ke jiran amsa.

Zango_Kumasi:
Na fahimce ki, Hajiya, amma ofis ba ya tsayawa a mutum biyu har abada. Ranar da suka zama biyar, wannan yarjejeniya ba za ta riƙe ba.

Ummu_Khalil:
Kafin a yi nisa da wannan, akwai tarko guda da ke jiran Malam Sakatare wanda ba a ambata ba. Kowace manhaja tana da nata matacin saƙonnin banza da nata ƙa'idojin raba wasiƙu, kuma a IMAP abin da ɗaya ta yi yana shafar kowa. Idan Thunderbird ta yanke hukunci cewa odar wani manomi saƙon banza ce ta jefa ta foldar tarkace, za ta ɓace daga gaban sakatare yana kallo. Haka idan akwai ƙa'ida a Outlook mai kai wasiƙun banki wata folda, ba za ta yi aiki ba sai kwamfutar ofis tana kunne, saboda haka ranar da babu wuta wasiƙa tana wuri ɗaya, gobe tana wani. A bar tacewa a wuri guda, kuma wurin da ya fi dacewa shi ne saba, ta shafin burauza, domin ita ba ta barci. Kuma a duba tsofaffin ƙa'idojin da ke kai wasiƙa zuwa foldojin cikin kwamfuta, domin waɗannan suna cire ta daga saba kamar yadda POP yake yi.

Malamin_Lissafi:
Na cire alamar kuma kwafi biyun sun daina fitowa, na gode, Malama. Ina da wata tambaya. Me ya sa adireshin mutanen da na ajiye a Outlook ba sa fitowa a Thunderbird, alhali duka IMAP ne?

Injiniya_Tudunwada:
Domin IMAP wasiƙa kaɗai yake ɗauka, Malam. Littafin adireshi, da kalanda, da sa hannun da ke ƙasan wasiƙa, kowace manhaja nata take riƙewa. Adireshi suna da tasu hanyar mai suna CardDAV, kalanda kuma CalDAV, kuma Thunderbird tana iya haɗuwa da littafin adireshi na Google ta wannan hanya tun daga siga ta 91. Wannan ya shafi Malam Sakatare ma. A asusun IMAP, Outlook tana ajiye adireshi da kalanda a cikin fayil na .ost, kuma idan aka cire asusun suna tafiya tare da shi. Gara ya bar littafin adireshinsa a cikin tsohon fayil na .pst, ko ya riƙa fitar da kwafinsa lokaci zuwa lokaci.

Sakataren_Ofis:
Foldar aikawa ta zama ɗaya yanzu, Alhaji yana ganin amsoshina ina ganin nasa, kuma saƙon adadin haɗi bai sake fitowa ba tun da na rage lambar. Mun kashe matacin Thunderbird. Kalmar sirri ma mun sauya a dukan na'urori a zama ɗaya. Abin da ya rage shi ne wuri. Akwatinmu ya kusa cika alhali ban ɗora ko rabin tsofaffin wasiƙun ba, domin yawancinsu suna ɗauke da hotunan rasit. Alhaji yana so a ƙara kuɗi a faɗaɗa akwatin domin komai ya kasance a laftof ɗinsa, ni kuma ina ganin a bar na shekarun baya a fayil na ofis. Shawarar Malam na Kumasi ma na gabatar masa, ya ce zai duba ta idan an ɗauki sabon ma'aikaci.

Maman_Sadiq:
Idan kuɗin faɗaɗawar bai yi yawa ba, ina goyon bayan Alhaji. Takardar da ke wuri ɗaya a kwamfutar ofis tana cikin haɗari daga wuta, da ɓarayi, da lalacewar faifai.

DanMaradi:
Ni kuwa ina tare da Malam Sakatare. A bar na shekara ɗaya ko biyu a saba, sauran su zauna a fayil, a yi masa kwafi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidan Alhaji. Idan yana son tsofaffin a laftof ɗinsa, Thunderbird tana da foldojin cikin na'ura waɗanda ba sa cin wurin saba. A ɗora na shekara guda, ya kwashe su zuwa can, a goge daga saba, sannan a ɗora na shekarar da ke biye. Malam Sakatare, nawa ne girman fayil ɗin .pst, kuma nawa aka ba akwatinku? Da waɗannan lambobi biyu za a san ko faɗaɗawar ma za ta ishe ku.